Ba Zan Ƙona Shagonka Ba, Mai Aski

Daga Allah muke, gare Shi kuma muke komawa ɗaya bayan ɗaya, ba bisa jerin da wani marubuci ya tsara ba. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran mutumin da masu kallon talabijin suka sani da Mai Aski, yana da shekara sittin da uku. Ya cika a gadon asibiti bayan jinyar kwana tara, matarsa na riƙe da hannunsa, 'yarsa ta sauka karɓo magani. Babu harbi, babu kiɗan tayar da hankali, babu kyamara. Na fara da wannan ne saboda akwai waɗanda irin wannan mutuwar ba ta ishe su ba, kuma zan zo kansu.

Ni ce marubuciyar shirin da ya yi shekara tara yana fitowa a ciki. Ga wanda bai taɓa kallo ba, labarin wata unguwa ce da ƙungiyoyin ɓata-gari biyu suka raba tsakaninsu, 'yan sanda suna kai da komo a tsakiya, sai wani ɗan shagon aski a kan kwana, wanda kowane ɓangare yake shiga ya ajiye makaminsa a bakin ƙofa. Shi ne mai shagon. Shiri ne mai jini, ba zan ɓoye ba. A shekara tara na kashe manyan mutanen labarin guda ashirin da uku da alƙalamina.

Yaya, yanzu da kai nake.

Duk ma'aikata Baba suke ce maka. Ni ma da shi na fara, sai ka dube ni ta saman tabarau ka ce kada in yaudari kaina, furfurar da ke gefen kunnena ta fi ƙarfin in kira ka Baba. Tun ranar ka zama Yaya. Ni kuma ka raɗa mini Mahauciya. Duk safiyar da na shigo da sabon rubutu a hammata, daga nesa za ka ɗaga almakashi ka ce, "Mahauciya, yau wa za a yanka?" 'Yan wasa su yi dariya, amma kowa idonsa na kan takardun, domin sun san tambayar ba wasa ba ce duka.

Mutane da yawa ba su san cewa da gaske ka iya aski ba. Da aka ba ka matsayin, wata uku ka yi kana zuwa shagon wani mai aski kana shara kana kallon hannunsa, saboda ka ce ba za ka riƙe injin aski kamar mai riƙe da cokali a gaban jama'a ba. Daga baya duk lokacin da aka tsaya gyara fitila, layi ake yi a kujerarka: masu ɗaukar hoto, direbobi, mai gadi. Kana aski kana jin matsalar gidan kowa. Aure biyu na sani da suka tsira a kan wannan kujerar, kuma ba a rubutuna ba.

Amma abin da za a daɗe ana tuna ka da shi huluna ne.

A kashi na shida na yi kisana na farko, wani direban tasi mai yawan barkwanci. Aka gama ɗauka, aka share jinin ƙarya, yaron ya tuɓe kayan wasa ya tafi gida. Washegari ka je wurin mai kula da tufafi ka roƙi hular da yake sakawa, ka ari guduma wurin kafinta, ka kafa ƙusa a saman madubin shagon, ka rataye ta. Darakta ya taso yana cewa, "Baba, wannan fa ba ya cikin rubutu." Ka ce, "Na sani. Bangon ma ba ya cikin rubutu, ga shi nan tsaye." Aka ƙyale ka, don an ɗauka rigimar tsufa ce.

Tun daga nan duk wanda na kashe, hularsa ta hau bango. Da na kashe ma'aikaciyar jinya, ɗankwalinta ka rataye. Na ce maka me ya kawo ɗankwali shagon aski, ka ce in tambayi wadda ta kashe ta. Sai a zango na biyu masu kallo suka lura. Suka fara ƙirga huluna a bayan kanka, har wasu suna rubuto mana cewa idan kana yi wa mugu aski ba shi suke kallo ba, bangon suke kallo. Ba ka taɓa faɗin kalma ɗaya game da su a cikin shirin ba. Kawai wani lokaci, a tsakiyar magana, za ka ɗauki ƙyalle ka kaɗe wa ɗaya ƙura.

Kuma ba a bango kake tsayawa ba. Duk ɗan wasan da aka kashe a labari, a makon nan za ka je gidansa. Kana sallama za ka ce ka zo gaisuwar mamaci, a fito maka da gawar ku gaisa. A yi dariya. Sai ka zauna ka fara lissafo masa daraktocin da ke neman mutum irinsa, ka kira su a gabansa. Ka san abin da mu marubuta muke yi kamar ba mu sani ba: idan muka harbe mutum a takarda, akwai wani mai rai da zai farka Litinin babu inda za shi.

Ranar da ka fi ba ni kunya ita ce ranar Dogo. Ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Dogo ya yi wa darakta gardama a gaban mutane, kuma shi ke da gaskiya. Da rana aka kira ni ofis aka ce a kawar da shi kafin ƙarshen mako. Kafin la'asar na gama. Harbi uku a baya, a bakin famfo, babu dalili sai cewa haka unguwar take. Ka karanta a tsaye, ka ninke takardar, ba ka ce Mahauciya ba. Ka ce, "Wa zai kai labari gidansu?"

Na ce wane gida?

Ka ce, "Uwarsa. Mai sayar da gawayi. Ke kika rubuta ta a kashi na sha biyu, tana jiransa da abinci a rufe. Ko ita ma kin kashe ta ba mu sani ba?"

Wallahi na manta da ita. Ni na halicce ta a takarda, na ba ta tari da ciwon gwiwa, na manta da ita kamar tsohon takalmi. Na koma na rubuta zuwanka ƙofarta, da hula a hannu, kana ta gaishe ta kana maimaita gaisuwar saboda ka kasa shiga maganar. Minti huɗu ne. Har yau ban rubuta abin da ya kai shi ba, kuma ba nawa ba ne, naka ne.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka kai mai ƙin kisa ne a labari. Ba haka kake ba, kuma ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Lokacin da na kashe Sufeto, ɗan sandan nan da ba ya karɓar cin hanci, gari ya tashi mini. Wata mata ta tare ni a kasuwa ta ce Allah Ya isa tsakaninta da ni, mijinta ya ƙi cin abinci. Aka gayyace ka gidan rediyo don ka yi kuka tare da masu kallo, sai ka ba su mamaki. Ka ce mutuwar Sufeto daidai ce. Ka ce idan mutum ya tsaya shi kaɗai a gaban masu bindiga shekara biyar, harsashi yana ta kauce masa saboda muna sonsa, to ƙarya muke yi wa yaran da ke kallo, muna koya musu cewa gaskiya ba ta da tsada. Da ka dawo na yi maka godiya. Ka ce, "Ba ke na kare ba. Shi na kare."

Wannan ne matsayina har yau, kuma a wurinka na daidaita shi. Na karanta littattafan da suka girmi talabijin da ɗaruruwan shekaru. Cike suke da gawa, sarakuna da jarumai da 'ya'yan da ba su ji ba su gani ba. Ba su ji tsoron kashe wanda mai karatu ya fi so ba. Amma bayan kowace gawa akwai shafuka na masu wanka da masu haƙa da matar da ta ƙi yarda. Labarin tashin hankali da ba a mutuwa a cikinsa ƙarya ne. Wanda kuma ake mutuwa a wuce kamar an zubar da ruwan wanke-wanke, ya fi shi ƙarya, ya kuma fi shi cutarwa.

Na zauna da jerin mutum ashirin da ukun nan bayan rasuwarka. Takwas zan iya tsayawa gaban kowa in kare su. Sauran sha biyar fa? Huɗu saboda masu kallo sun ragu, aka ce a girgiza su. Uku saboda sun yi wa manya baki. Ɗaya saboda ta samu ciki. Ɗaya, Allah Ya yafe mini, saboda an kawo sabon jinin ƙarya mai kyau a kyamara, darakta yana ɗokin gwada shi. Sauran shidan ko dalilinsu ban tuna ba. Kowane lokaci sai in ce wa kaina labari ne ya buƙata. Kai kuma ba ka taɓa yi mini wa'azi ba. Guduma kawai kake ara. Ina ofis ina jin bugunta ta bango.

Yanzu ga abin da ya sa nake rubuta wannan.

Saura kashi ɗaya a rufe zangon nan, kuma ba a ɗauki naka ba kafin ka kwanta. Kwana biyu da rasuwarka furodusa ya je gidanka gaisuwa. Ina wurin, a kan tabarma kusa da matarka. Ya yi addu'a mai tsawo, har ya share ido. Sannan ya matso ya rage murya ya ce, "Hajiya, hular nan da Baba yake fitowa da ita, an ce tasa ce ta gida. Ko za a taimaka mana da ita? Za mu yi masa wani abu na girmamawa."

Matarka ta dube shi. Ta ce, "Wane abu?"

Ya ce, "Za ki gani, Hajiya. Ba za a taɓa mantawa da shi ba."

Ta ce masa za ta duba.

Washegari a ofis na ji girmamawar. An samo wani mai tsayinka da faɗin kafaɗarka. Za a saka masa hularka, a ɗauke shi ta baya, a ɗaure shi a kujerar aski, a watsa fetur. Kuma wutar gaske za a sa wa shagon, tunda dama za a rushe wurin bayan wannan zangon, ga dama ta samu. Huluna na ci ɗaya bayan ɗaya, kyamara na matsowa. Furodusa yana bayani yana zana wutar da hannu a iska. Ya ce, "Anti, mutum kamar Baba ba zai mutu a gado kamar kowa ba. Dole a ba shi babbar mutuwa."

Na ce masa ai an riga an ba shi mutuwa, kuma Wanda Ya ba shi bai nemi shawararmu ba.

Ya ce in bar zafin rai, wannan sana'a ce. Na ce na san sana'ar, ina cikinta tun yana ɗaukar wa mutane jaka. Na tambaye shi ko ya tuna 'yarka tana kallon shirin, ko ya yi tunanin yadda za ta ga bayan wani mutum da hular ubanta yana ihu a cikin wuta, ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba. Ya ce ai za a rubuta sadaukarwa a ƙarshe, da hotonka. Wato a ƙona ka, sannan a yi maka addu'a da ƙananan haruffa. Ya ƙare da cewa akwai marubuta goma a bakin ƙofa da za su rubuta masa gobarar kafin azahar. Gaskiya ya faɗa. Na san su, wasu ni na koya musu.

Daga ofis gidanka na wuce, na gaya wa matarka komai, ban rage ba. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta fito da hular a cikin leda, ta ajiye a cinyata. Sannan ta ce, "Ƙanwata, mutum nawa kika kashe?"

Na ce ashirin da uku.

Ta ce, "Huluna nawa ne a bangon?"

Na buɗe baki in ce ashirin da uku, sai na tsaya. Ashirin da huɗu ne. Akwai wata tsohuwar hula, ruwan ƙasa, a can ƙarshen hagu, da take wurin tun ranar farko kafin in kashe kowa. Shekara tara ina ganinta, na ɗauka masu ƙawata wuri ne suka rataye ta don shagon ya yi kama da shago.

Ta ce ta ƙanenka ce. Shekara talatin da suka wuce rikici ya tashi a layinku, ya fita sayen burodi, bai san hawa ba bai san sauka ba. Hular ce kawai ta dawo gida, wani maƙwabci ya tsinto ta. Washegari aka faɗi adadin waɗanda suka mutu a labarai, ba a faɗi sunan kowa ba, aka wuce labarin wasanni. Ta ce kai ne ka kai wa mahaifiyarku labari, kuma ka daɗe a tsaye a ƙofarta kana maimaita gaisuwa.

Yaya, shekara tara. Ka bar ni ina ta yi maka bayanin yadda ake gina labari, ina kawo maka misalai daga littattafai, kana gyaɗa kai. Ranar da ka yi minti huɗun nan a ƙofar mai gawayi har na yaba maka na ce ka iya wasa. Ka ce na gode. Ina jin haushinka a kan wannan, kuma babu inda zan kai ƙara.

To ga abin da na rubuta, kuma na fito da shi fili da gangan, don kada a ce daga baya ba a ba su zaɓi ba.

Safiyar Asabar ce. Shagon a rufe. Shugabannin ƙungiyoyin nan biyu sun zo aski kamar yadda suka saba, kowa da yaransa, suna tsaye nesa da juna. 'Yar Mai Aski ta cikin labari ta zo da makulli ta buɗe. Ta ce musu ya rasu da safe, a kan gadonsa. Ɗayansu ya kai hannu ƙugu ya ce, "Wa ya yi?" Ta ce, "Babu kowa." Ya sake tambaya. Ta sake ce masa babu kowa. Mutanen da ba su san abin da ake yi da mutuwa ba sai ramuwa, ga su tsaye da makamai, babu wanda za su bi. Sai ta shigar da su, ta tsaya gaban madubi, ta fara daga hagu. Wannan ta ƙanensa ce. Wannan ta direban tasi. Wannan ta Dogo, uwarsa tana nan da rai. Wannan ta Sufeto. Har ƙarshe, ba ta tsallake ko ɗaya ba, kowannensu yana jin waɗanda suke wuyansa. Sannan ta miƙa wa na kusa da ita guduma da hular mahaifinta.

Ka ga na kashe ka, Yaya. Ban bar ka ka yi tafiya wani gari ba, don da na yi haka da ka ce na raina masu kallo. Kai ne na ashirin da huɗu a hannuna, kuma na tara da zan iya karewa.

Ranar Litinin da ƙarfe tara zan ajiye wannan a teburin furodusa. Ban san me zai ce ba. Yana iya korata, shirinsa ne. Amma gobara ba za ta fito daga alƙalamina ba, ko da wannan ne rubutuna na ƙarshe a gidan. Na tambayi matarka ko in ɗauko mata hular ƙanenka tun yanzu. Ta ce a'a, a bar ta inda ka sa ta har Litinin. Ta ce, "In sun yarda, su ɗauki shirin tana wurin. In sun ƙi, ki shiga da kanki ki ciro mini guda biyu, tasa da ta ƙanensa. Sauran kuma ki kai wa masu su, ai kin san gidajensu." Ban san gidajensu ba. Kai ka sani. Amma na riga na fara tambaya, na samu sha ɗaya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, wadda ta bar mana mijinta shekara tara ba ta taɓa ƙorafi ba, da 'yarsa da ta gado idonsa da taurin kansa, da jikokinsa biyu, da 'yan uwa baki ɗaya. Ina yi wa abokan aiki ta'aziyya, musamman mutum ashirin da ukun da ya je gidajensu gaisuwa suna raye, waɗanda na ga yawancinsu a bayan makararsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Bai bari a manta da kowa ba, har waɗanda ba su taɓa rayuwa ba sai a takarda, Ka sa shi cikin waɗanda Kake ambato da alheri. Ka haɗa shi da ƙanensa da mahaifiyarsu a Aljanna, inda babu mai kai wa wani mugun labari. Mu kuma da muka rage, Ka kyautata namu ƙarshen, Ka yafe mana abin da hannayenmu suka rubuta.

Yau da safe na je shagon kafin kowa ya iso. Na ari gudumar kafinta. Ban iya ba, ƙusar ta karkace, na kuma daki yatsana. Amma ta shiga, kusa da ta ƙanenka, kuma ta riƙe. Hularka tana wurinta, Yaya. Allah Ya jiƙanka.